Tuban Ƙarya a Littafin Laclos

Littafin Les Liaisons dangereuses, wanda Laclos ya wallafa a Faransa a 1782, wasiƙu ne 175 da ke fallasa lalata da makircin masu sarauta. Inda ya kamata makiyayi ya dakata shi ne makamin da mayaudarin, Valmont, ya zaɓa. Madam de Tourvel matar aure ce mai tsoron Allah, daɗin baki kaɗai ba zai kayar da ita ba. Sai ya biya wa wani matalauci haraji domin labari ya kai kunnenta, daga bisani ya rubuta wa limaminta, Fada Anselme, wai zai tuba. Limamin ne da kansa ya shirya ganawar da ta kai ta ga faɗuwa. Laclos bai zana shi mugu ba. Murnar samun ɓatacciyar tunkiya ce ta hana shi bincike.