Shin Ma'aunin Norway Zai Iya Gano Muzgunawar Asibitocinmu?

Idan ka duba binciken da ake yi kan muzgunawa tsakanin ma'aikatan jinya, za ka ga yawancinsa bakinsa ɗaya: inda ake kyara da hantarar nas, damuwa na ƙaruwa, son aiki na raguwa. Ba na musun wannan. Abin da nake so mu duba shi ne mudun da ake awon da shi.

Mudun da aka fi amfani da shi sunansa NAQ-R, takardar tambayoyi 22 da Einarsen na Jami'ar Bergen a Norway da abokan aikinsa suka wallafa a 2009. Tana tambayar ma'aikaci sau nawa a watanni shida aka yi masa tsawa, ko aka ɓoye masa bayanin da yake buƙata, ko aka yi da shi, ko aka jibga masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Kyawunta shi ne ba ta cewa "ana cin zalinka?" kai tsaye. Wannan ya dace da mu, don mai kunya da aka tarbiyyantar a kan haƙuri zai ce maka "lafiya lau" ko da yana ƙuna a ciki.

To amma ɗauki takardar nan ka kai ta ƙaramin asibiti a Tafoki, ko Sabuwa, ko ƙauyukan Ƙanƙara. Inda ma'aikaci ɗaya ke riƙe da aikin mutum uku, kowa zai ce aiki ya fi ƙarfinsa. Shin muzgunawa ce ko ƙarancin ma'aikata? Takardar ba ta rarrabewa, alhali maganinsu daban ne.

Sannan akwai abin da ba ta tambaya ko kaɗan. A yankin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, jadawalin aikin dare da canjin wurin aiki ba ƙaramin iko ba ne a hannun shugaba. Babba na iya azabtar da ƙaramar nas ba tare da ya ɗaga murya ba: ya riƙa sa ta aikin dare, ko ya yi mata barazanar tura ta ƙauyen da kowa ke gudu. A Bergen ba su san wannan bulalar ba.

Matsala ta uku ita ce wa ake tambaya. Mai bincike ya fi samun sauƙin raba takardu a manyan asibitocin koyarwa na Kano, Zariya ko Sakkwato, kuma waɗanda suka rage a bakin aiki kaɗai yake samu. Wadda wulaƙanci ya kora ta bar aikin, ko ta tafi Ingila ko Saudiyya, ba ta cikin lissafi.

Ko zama a wurin aikin ma yana iya ruɗar ka. Meyer da Allen sun nuna a 1991 cewa riƙo da wurin aiki iri uku ne: don so, don ganin wajibi, ko don barinsa asara ce. Nas da ta shekara goma ba ta motsa ba, wataƙila rashin mafita ne ya ɗaure ta. Kuma wadda ke tsoron babbarta za ta yi shiru ko da tana kokwanton adadin maganin da aka rubuta. Majinyaci ne zai kwana a ciki.

Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022. Don ta yi aiki a Faskari, muna buƙatar tambayoyi da Hausa, hira baki da baki, bibiyar ma'aikata tsawon shekaru, da neman waɗanda suka tafi. Kafin nan, duk alƙaluman da ka gani, ka fara tambaya: su wa aka tambaya, a ina, kuma da wane harshe?