Waɗanda Suka Shiga Waya Da Ƙafarsu

Kwana uku na yi ina karanta The Train to Crystal City na Jan Jarboe Russell, wanda ya fito a 2015, kuma kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai: son rai. Gwamnatin Amurka ta kama magidanta Jamusawa da Japanawa a lokacin yaƙin duniya na biyu, ta ce abokan gaba ne. Matansu da ƴaƴansu kuwa ba a kama da yawansu ba. An dai rufe asusun maigida, abinci ya yanke, maƙwabta suka juya baya, sannan aka ce wadda ke son ganin mijinta ta sa hannu ta shiga sansanin Crystal City a Texas. A takarda, da son ranta ta shiga.

Nan ne ƙarfin littafin yake. Marubuciyar ta bi ƴan mata biyu haifaffun Amurka, Ingrid da Sumi. A farkon 1945 aka ɗora iyalin Ingrid a jirgin ruwan Gripsholm, aka yi musayarsu da mutanen da Jamus ke riƙe da su, suka sauka a ƙasar da bama-bamai ke ci. Sumi kuma bayan yaƙi aka kai ta Japan, cikin yunwa. Ana kiran abin mayarwa gida, alhali yaran a Amurka suka tashi.

Inda na yi sabani da ita shi ne rabon fili. A aikin rediyo na san wannan jarabar: ka samu mai daɗin baki, sai ka bar masa shirin gaba ɗaya. Japanawan da aka kwaso daga Peru, kusan 1,800, sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Amurka ce ta kawo su da ƙarfi, ta dawo ta ce sun shigo ba bisa ƙa'ida ba, Peru kuma ta ƙi karɓar mafi yawansu. Diyyar dala 20,000 ta 1988 ta tsallake su, sai a 1998 aka yi musu tayin dala 5,000. Suna cikin littafin, amma a gefe suke. Na so a ce yarinya ta uku daga Lima ta fito, mu bi ta daga farko har ƙarshe kamar yadda muka bi waɗancan biyun.