Maganaɗisun Goge Gilashi Ba Maganin Gansakuka Ba Ne

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin ado a akwatin gilashi ya san wannan takaicin: ka wanke akwatin tas ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo gilashin ya fara kore-kore, har ka riƙa hango kifinka kamar cikin hazo. Wannan koren gansakuka ce, irin dai wadda muke gani a kududdufi ko a tankin ruwan da aka bari buɗe a rana.

Maganin da masu sayar da kayan kifi da masu bidiyo a YouTube da TikTok suka fi tallatawa shi ne wani ɗan abin goge gilashi mai maganaɗisu. Ɓari biyu ne: ɗaya yana cikin ruwa da soso mai kaushi a jikinsa, ɗayan yana waje a hannunka. Idan ka ja na waje, na ciki sai ya bi shi yana goge gilashin. A bidiyo abin gwanin sha'awa, shafa ɗaya kore ya ɓace. Na yi sama da shekara ina amfani da shi a akwatina mai cin lita 60, kuma abin da na gani shi ne: kayan aiki ne mai kyau, amma an ɗora masa alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa. Babban alfanunsa shi ne ba sai ka tsoma hannu a ruwa ba. Sauran sabulu, man shafawa ko turaren da ke hannunka na iya cutar da kifi. Yana kuma ɗauke gansakuka mai laushi cikin sauƙi, musamman ruwan ƙasar nan da ke yawan fitowa a sabon akwati, wadda ake kira dayatom. Masu ƙarfi daga cikinsu suna ɗauke da maganaɗisun niyodimiyam, wanda kamfanin General Motors a Amurka da Sumitomo a Japan suka ƙirƙiro, kowa a nasa ɓangaren, a farkon shekarun 1980. Sai dai ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri da zarar tazara ta ƙaru. Shi ya sa ƙarami mai araha, in ka ɗora shi a gilashi mai kauri, sai ɓarin ciki ya suɓuce ya faɗa ƙasa, ka koma tsoma hannun da ka guje wa tsomawa.

Matsala ta farko da masu talla ba sa ambata ita ce yashi. A shekarar 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin abubuwa daga 1 zuwa 10, inda duk abin da ke sama yake iya karce na ƙasa da shi. Gilashi yana wajen 5.5, shi kuwa kwaz, ma'adinin da ya fi yawa a yashin da muka saba gani, yana kan 7. To ka ga, ƙwayar yashi ɗaya tak ta maƙale tsakanin soso da gilashi, maganaɗisu ya danne ta da ƙarfi, kai kuma kana ja, ai ka zama mai zane. Ni haka ta faru da ni. Na gangara da shi har kusa da yashin ƙasan akwati, na ji wata 'yar ƙara, na ɗaga, sai ga dogon layi a gilashin gaba. Har yau yana nan, kuma cikin wannan layin gansakuka take fara kama wuri, inda soso ba ya isa. In kuwa akwatin na robar akirilik ne, abin ya fi muni, domin ta fi gilashi laushi nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu, akwai wata gansakuka mai fitowa ɗigo-ɗigo, koriya shar, mai manne wa gilashi kamar fenti. Wannan soso sai dai ya shafe ta ya wuce. Sai an sa abin kankara mai reza, a kwantar da bakin rezar a karkace, a tura a hankali. Ita ma rezar da nata haɗarin: in ta taɓa gam ɗin silikon da ya haɗe kusurwoyin akwati, wata rana ka tashi ka tarar da ruwa a tsakar ɗaki. Kuma ba a kusantar akirilik da reza sam. Tsohon katin ATM ya fi aminci a nan, kuma kyauta ne.

Amma duk waɗannan ƙananan laifuka ne. Babban laifin tallar shi ne tana koya wa mutane cewa gansakuka datti ce da ake sharewa. Alhali halitta ce mai rai, tana haɗa abincinta da haske kamar tsiro, tana kuma buƙatar sinadaran naitirojin da fosfaras. Kifi yana fitar da amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a matatar ruwa su mayar da ita naitirait, sannan naitiret. Ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa da kashin kifi kuma su saki fosfet. Wato taki kenan kake zubawa a ruwa kullum. Idan ka goge gilashi ka tafi, gansakukar da ka kankaro tana nan tana yawo a cikin ruwan: wata ta sake mannewa, wata ta mutu ta ruɓe ta mayar da takin da ta ci. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai wani gwaji da ya nuna wannan ƙarara. A 1973, masanin ruwa David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki mai lamba 226 a lardin Ontariyo na Kanada gida biyu da labulen roba. Duka ɓangarorin an zuba musu kabon da naitirojin, amma ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Wanda ya samu fosfaras ya rikiɗe ya zama kore, ɗayan bai yi ba. Tafki ɗaya, rana ɗaya, abin da aka zuba ne ya bambanta. Akwatin kifinka ɗan ƙaramin tafki ne, kuma kai ne mai zubawa.

Da na gane haka, sai na sauya hanya. Na janye akwatin daga bakin taga, domin ranarmu ta nan ba ta wasa. Na rage kunna fitilarsa zuwa awa 7 a yini. Na koma ba kifin abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kuma ina yin haka ne da zarar na gama goge gilashi, in zuƙe abin da na kankaro da tiyo. Na kuma dasa tsirran ruwa, su yi gogayya da gansakukar a kan takin. Gugar da nake yi duk bayan kwana uku ta koma sau ɗaya a mako biyu.

Wata shawarar da ya kamata a yi hattara da ita ita ce ta sayen kifin nan mai tsotsar gilashi da ake kira fileko. Irin da aka fi sayarwa yana girma ya wuce santimita 30, kashinsa kuma ƙarin taki ne. A ƙaramin akwati, matsala ka ƙaro.

Kuma kada mu manta, 'yar gansakuka kaɗan ba cuta ba ce. Wasu kifaye da dodon koɗi suna cin ta, don haka ni gilashin baya ma ba na taɓa shi. Idan kana son maganaɗisun, saya, amma ka zaɓi wanda ya dace da kaurin gilashinka, ka ɗauraye sosonsa kafin amfani, ka tsaya kamar yatsu biyu sama da yashi. In kuma ka ga kana ɗaukarsa duk bayan kwana biyu, ajiye shi tukuna, ka je ka duba taga, fitila da yawan abincin da kake zubawa.