Tauraruwa Mai Wutsiya a kunnen mai sauraro

A 1969, shekarar da ƴan Amurka suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya: labarin yaro Kilba, wanda Kolin Koliyo, baƙo daga sama, ya ɗauka yawon sararin samaniya. Malamin da ya tashi da Jules Verne yakan karanta shi da ɗan raini. Verne, a De la Terre à la Lune (1865), ya cika shafuka da tsawon igwa da nauyin albarushi. Dembo bai kula da lissafi ba.

Amma in aka karanta littafin da murya, yadda ake yi a rediyo da wayar salula, hukuncin yakan sauya. Kunne mamakin yaron yake bi, Kolin Koliyo kuwa dangin aljanun tatsuniya ne, an san irinsa tun yarinta. Lissafin Verne, in an saurare shi, gyangyaɗi yake sawa. Ƙungiyar da ke son naɗar littafi domin ɗaliban Maraɗi ko Damagaram, da Dembo ya kamata ta fara, ta nemi mai karatun da ya iya bambanta muryar yaron da ta baƙon.