Nebraska ta 1971: Kowa Ya Taɓa Ta Ya Ji a Jikinsa

Jama'a, mu daina jan magana: a tarihin ƙwallon Amurka ta jami'o'i ba a taɓa haɗa tawaga irin Nebraska Cornhuskers ta 1971 ba. Masu cewa Miami ta 2001 ce, ko ma Nebraskar 1995, mun ji ku, ku zauna.

Wasa 13 yaran koci Bob Devaney suka buga, 13 suka ci. Sun zuba maki 507, aka zura musu 104 kacal. Missouri, Kansas da Iowa State kuwa ko maki ɗaya ba su gani ba, domin 'yan bayan nan da ake kira Blackshirts, ƙarti majiya ƙarfi, marasa tausayi, masu naci kamar bashi, sun toshe kowace kafa. Ɗaya daga cikinsu, Larry Jacobson, ya ɗauki kyautar Outland a shekarar. Ya cancanta!

Amma ai kun san inda na dosa. Ranar 25 ga Nuwamba, garin Norman, Nebraska, ta ɗaya a ƙasa, ta je gidan ta biyu, Oklahoma, masu salon wishbon ɗin nan da ya rikita kowa. Tun wasa bai yi zafi ba Johnny Rodgers na Nebraska ya cafe fant, Greg Pruitt na Oklahoma ya kawo masa cafka, ya yi tangal-tangal har ya dafa ƙasa da hannu, ya miƙe, ya goce nan, ya zille can, ya ratsa tsakiyar mutane ya bi gefen fili, yadi 72 sai tacdawun. Wayyo Johnny! Har gobe mutanen Oklahoma na ƙorafin wai an yi keta a wannan gudun alƙali bai gani ba. To, sai su kai ƙara.

Kuma fa Oklahoma ba kanwar lasa ba ce. Kwatabak ɗinsu Jack Mildren ya yi wasan da ko maƙiyinsa sai ya tafa masa. Su ke gaba 17 da 14 a hutun rabin lokaci, suka sake shiga gaba 31 da 28 saura kusan minti bakwai. Nan ne kwatabak ɗin Nebraska Jerry Tagge ya ja tawaga yadi 74 a natse, Rodgers ya kwanto ya tsinci wata ƙwallo dab da ƙasa a dawun na uku, sannan aka dinga danƙa wa Jeff Kinney. Rigarsa duk ta yayyage, kafaɗa a waje, yana ta kutsawa har ya faɗa ciki saura minti 1 da daƙiƙa 38. Tacdawun ɗinsa na huɗu ke nan. An tashi 35 da 31. Rich Glover na Nebraska shi kaɗai ya yi kamu 22 a tsakiya!

Abin da ke ci min rai biyu ne: hoton bidiyon wasan ya yi dishi-dishi, kuma kyautar Heisman ta shekarar Pat Sullivan na Auburn aka ba, sai 1972 Rodgers ya karɓi tasa.

Orange Bowl kuwa ba wasa aka yi ba, horo ne. Alabama ta Bear Bryant ta zo ba a taɓa doke ta ba, kafin hutu an yi mata 28 da nema, aka ƙare 38 da 6.

A jadawalin ƙarshe na AP, Oklahoma ce ta biyu, Colorado ta uku, Alabama ta huɗu, kuma duk ukun Nebraska ta lallasa su. Wanda bai kalli wasan Norman ba, don Allah ya nemo shi a YouTube yau ɗin nan.