Jinjina ga Mazan Jiya na Ƙasar Yauri

A Yelwa, da Wara ta Ngaski, da ƙauyukan Shanga, akwai dattawan da ke dogara sanda ba don tsufa kaɗai ba. Harsashin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya bar musu tabo. Iyayensu sun yi Yaƙin Bama, ƙannensu sun je Laberiya da Saliyo, 'ya'yansu kuwa suna fafatawa da Boko Haram da 'yan bindiga.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dawowarsu. Suna bakin daga aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye gungaye da gonakin kakanni. Wanda ya komo da ƙafa ɗaya sai ya tarar har garinsu ya tashi. Duk da haka bai zauna bara ba: ya koyi gyaran koma, ya yi gadi, ya noma albasa, ya aurar da 'ya'yansa. Wallahi wannan ma jarumta ce.

Ana tuna su kowace 15 ga Janairu, amma fareti ba ya sayen magani. Hukuma ta biya su fansho kan lokaci, mu kuma maƙwabta mu riƙa leƙa su. Allah Ya saka muku da alheri, mazan jiya.