Masu Rina Zaren Poliyesta

Zaren poliyesta ba ya shan ruwa, shi ya sa shunin da ke kama auduga a marina ba ya zama a jikinsa. Masana sinadarai ne suka gano dabarar rina shi. Ana dafa yadin da ƙananan ƙwayoyin launi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe har zafi ya kai digiri 130. Sai zaren ya saki jiki, launin ya kutsa ciki, in ya huce ya riƙe shi gam. Ma'aikatan da ke wuni suna auna zafi da tsamin ruwan sun cancanci jinjina, domin kuskure kaɗan sai yadi ya fito dabbare-dabbare. Haƙurinsu ne ya sa rigar 'yan ƙwallo ke shan wanki ba ta zuba.